Habbanayen Ordinater

A wajen sunan ɗiyar ɗan'uwanku Sani na ji ɗayanku, ba zan faɗi ko wane ne ba, yana ba baƙi labarin wani Bafillace da na ara wa na'urar ordinater, ya kashe ta, kunya ta hana shi sake taka ƙofar gidana. Aka yi dariya. Ni ma na yi murmushi saboda idon baƙi, amma tuwon ranar bai wuce mini ba. Mutumin da kuke nufi shi ne Baffa Hammadi, wanda ya sha ɗora ku a wuya kuna ja masa rawani, kuma bai kashe komai ba. Ordinater ɗin ga ta nan gabana, da ita nake rubuta muku wannan. Abotarmu ce ta mutu, kuma ina so ku san yadda aka yi tun ina da ƙarfin faɗa.

Na san Hammadi tun ina saurayi, lokacin da nake aikin allurar dabbobi a sarwis ɗin kiwo, ma'aikatar gwamnati ta Dakoro. A bakin wata rijiya wajen Birnin Lalle muka haɗu, ya riƙe mini wani bijimi da ya so ya aika ni lahira, daga nan ya laƙaba mini Likita, sunan ya bi ni har yau. Duk ranar kasuwa, in ya gama abin da ya kawo shi, gidan nan yake sauka. Ya miƙa wa uwarku Rabi gorar nono, ya zauna a kan jar tabarma ƙarƙashin itacen bedi, in dafa mana shayi. Ni ke magana, shi ke saurare. Rabi takan ce ɗayanmu rediyo ne ɗayan bango, kuma ba ta taɓa ganin bango ya gaji ba. Ban taɓa samun wanda zamansa ke kwantar mini da rai kamar mutumin nan ba.

Ku da kuka tashi tsakanin Yamai da Maradi ba lalle ku san habbanaye ba. Bafillace zai ɗaure wa wanda yake ƙauna karsana, ta zauna a hannunsa ta yi ta haihuwa. 'Yan maruƙan na wanda aka ɗaure wa ne, uwar kuwa in lokaci ya yi a maida ta garkenta. Wanda aka ba yakan kula da ita fiye da tasa. Wanda ya bayar kuwa ba ya bin sawunta, ba ya tambaya. Shekarar da aka haifi Sani, Hammadi ya shigo gidan nan janye da wata jar karsana, ya ɗaure ta a turke, ya kakkaɓe hannu.

"Sunanta Woɗe," ya ce.

Na tsaya ina jiran sauran bayani, me take ci, me ba ta so. Ya wuce ya zauna kan tabarma.

Woɗe ba ta kai ga haihuwa ba. Aikin rangadi ya yi mini yawa, na bar ta tana yawo bayan kasuwa, ta cika cikinta da leda. Ni da nake yi wa makiyaya huɗuba kan leda! Da ta kwanta muka yanka ta, mahauci ya buɗe tumbi ya zaro abin kunyata a dunƙule. Na hau moto na tafi rugga. Da na faɗa masa ta mutu, sai ya ce:

"Kwananta ne ya ƙare. Ka sha ruwa tukun?"

Bai tambaye ni komai ba. Da damina ta faɗi ya sake ɗaure mini wata, fara, mai suna Rane. Duk shanun da kuke gani a hannun mai kiwonmu yau jikokinta ne.

Ordinater kuwa, wadda 'yan Najeriya ke ce wa kwamfuta, da girmana na koye ta. Gab da in aje aiki aka kawo su sarwis, sa'o'ina suka guje su kamar maciji, ni kuwa na maƙale. Da na dawo gida na zauna, Sani ya aiko mini da portabul baƙa, irin ta ɗauka a jaka. Ban san lokacin da na zama likitan ordinater na unguwa ba. Malaman lakwal, wato makarantar boko, 'yan sakandaren lise, masu shagon hoto, kowa da ciwon da yake kawowa. Wannan ya soka kile ɗin abokinsa, ɗan abin nan da ake kwasar takardu a ciki, ƙwayar cuta ta shiga ta ɓoye masa takardu, yana kuka ya zaci sun tafi, in fito masa da su. Wancan kuran, wato lantarki, ya ɗauke ya dawo da ƙarfi ya ƙone masa caja. Wata batir ɗinta ya kumbura har ya ɗaga maɓallai. Mafi yawa dai rairayin garin nan ne, wanda ba ya neman izini wajen shiga ko'ina. Ina da gwangwanin madara da na tara kayan aikina a ciki, 'yan sukundireba, tsohon buroshin haƙori, hantsaki, da wata robar hura iska da na fito da ita daga jakar allura. Ba na karɓar ko sisi. Ladana shi ne a zauna a ji wa'azi, kuma ba wanda ya taɓa fita gidan nan da gyararriyar ordinater bai sha shi ba. Kun san halina, ba sai na ɓoye muku ba.

A cikin 'ya'yan Hammadi akwai Aisa, wadda ya bari ta yi lakwal duk da surutun dangi. Ta ci jarrabawar bak, ta tafi jami'a a Maradi, ita ce ta farko a ruggarsu. Da ta kai shekarar ƙarshe aka ce sai ta rubuta memuwar, babban rubutun da za ta kare gaban malamai kafin a ba ta diplom. Ba ta da ordinater. Ba daga bakin ubanta na ji ba, don ko wuta ta kama rigarsa ba zai ce zafi ba. Ita ce ta faɗa wa Rabi a kicin, Rabi ta faɗa mini.

"Ka ba ta taka mana," in ji Rabi. "Kai mi kaka yi da ita ban da kallon hotunan jikoki?"

Na ce Hammadi ba zai karɓi kyauta mai nauyi haka daga hannuna ba, na san shi. Amma akwai ƙofar da ba zai iya rufewa ba. Zan ɗaure masa ita habbanaye. Ta je ta haifa wa Aisa memuwar da diplom, 'ya'yan nasu ne, uwar ta dawo gida. Dabarar ta burge ni ƙwarai, har na kasa zama wuri ɗaya. Rabi ta dube ni ta ɗan girgiza kai.

"Dabara ta yi kyau, Malam. Amma in za ka ɗaure, ka ɗaure irin tasu. Ka hwaɗi sunanta ka yi shiru."

Na ce mata saniya daban, na'ura daban.

Ranar kasuwa ta gaba suka zo tare, shi da Aisa. Na fito da portabul na ajiye a gabansa kan tabarma, na ce na ɗaure masa wannan. Ya dube ta, ya dube ni, sai na ga dariya ta kama gefen bakinsa, abin da ba kasafai ake gani ba. Ya ɗora tafin hannunsa a bayanta kamar yadda yake yi wa dabba.

"Mi sunanta?"

"Ba ta da suna."

"To, Ɓale," ya ce, don baƙa ce. "Na amsa, Likita."

Da a nan na tsaya! Sai na jawo Aisa kusa na buɗe baki. Kada ki soka mata kile ɗin kowa. In hadari ya taso ki zare ta daga kuran. Kada ki bar ta a rana. Abin da kika rubuta ki ajiye shi wuri biyu. Rairayi kuwa, na maimaita shi har na gaji, na ce shi ne ajalin ordinater, ƙwaya ɗaya in ta shiga ta isa. Sannan na ɗaga yatsa na ce kada ta kuskura ta bari wani ɗan gyara a Maradi ya kwance ta, don wasunsu kan cire mai kyau su sa ruɓaɓɓe, kuma abu kaɗan sai su share komai su ce sun gyara. Na ƙare da cewa tun da aka kawo mini ita ba hannun da ya taɓa buɗe cikinta sai nawa. Babu ƙarya ko ɗaya a maganata, yau ma in kuka tambaye ni haka zan faɗa muku. Amma ina magana ina kallon Aisa, ban lura da wanda ke zaune gefe yana ɗaukar kowace kalma kamar wasiyya ba. Kuma cikin duk surutun nan na manta abu guda, cewa na'urar tana numfashi ta ƙasa da ta gefe, dole a bar mata iska.

Daga ranar, duk zuwan Hammadi, kafin ya gama zama sai na jefa masa tambaya. Ina labarin Ɓale? Ba ta yin nauyi? Aisa tana zare ta in kuran ya ɗauke? A raina kulawa nake nunawa, har da ɗan wasa. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce, lahiya lau. Rabi ta taɓa taka mini ƙafa da gangan tana wucewa da tire, na ce mata ta duba gabanta.

Da hutu ya zo, sai na ga zuwansa ya fara tsallake. Wata ranar kasuwa gorar nono ta iso a hannun wata mata, shi bai iso ba. Wata ranar na hango rawaninsa wajen masu gishirin shanu, kafin in ratsa jama'a ya ɓace. Na aika a gaishe shi, aka dawo mini da gaisuwa mai kyau ba tare da shi ba. Damina ta kankama suka yi arewa da shanu kamar kullum, amma wannan karon bai zo sallama ba, abin da bai taɓa yi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na zauna ina lissafin ko wani ya kai masa gulma, ko na yi wa wani nasa laifi. Ko sau ɗaya tunanina bai je kan ordinater ba. Na kira wayar Aisa, ta gaishe ni da ladabi, ta ce aiki na tafiya, ta yi saurin kashewa.

Abin da ya faru, daga baya Aisa ta ba Rabi labari. Da ta kai na'urar rugga lokacin hutu, ubanta ya ga rairayi ta ko'ina, ya tuna maganata. Ya yanka ɗan akuya, ya sa aka jeme fatar da gashinta, ya zauna da kansa ya ɗinka wa Ɓale riga, gashin daga ciki don taushi. Ta kama ta tsam, ba inda ya bari a buɗe sai fuskar da maɓallan da ƙofar caja. Ya kafa doka ba za a ajiye ta a ƙasa ba sai kan bargo. Aisa ta ci gaba da rubutu da wutar pano mai ɗaukar hasken rana. Ba a daɗe ba na'urar ta fara zafi, ta riƙa gurnani, sannan ta fara mutuwa da kanta ana cikin aiki. Aisa ta cire rigar ta gwada, amma ina, gashi ya riga ya shige ciki. Ta kai ana kunna ta, kafin a rubuta layi ta ɗauke. Yarinyar ta roƙi ubanta ta kawo mini, ya ce ba a maida habbanaye da ciwo. Ta ce to ta kai wa mai gyara a Maradi, ya ce Likita ya hana. Ya rufe mata ƙofa ɗaya da kunyarsa, ni na riga na rufe ɗayar da bakina. Ta koma Maradi tana bin shagunan da ake hayar ordinater, tana sake rubuta abin da ke kulle cikin Ɓale daga ka. Lokaci ya ƙure mata. Abokan karatunta suka kare nasu, ita aka ce sai baɗi.

Da kaka, bayan an yanke gero, shanu suka gangaro. Wata ranar kasuwa da la'asar na ji sallamarsa. Wallahi sai da zuciyata ta yi tsalle. Ya rame, ya yi baƙi, rataye da wata jaka a kafaɗa. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ya zauna bakin tabarma, ba tsakiya inda ya saba ba. Na ɗora shayi. Ya kwance jakar ya fito da na'urar cikin rigarta ta fata, ɗinkin kamar na mai sana'a, ya ajiye a gabana da hannu biyu.

"Likita, ga Ɓale. Ta mutu hannuna. Ba ta haihu ba."

Bai ɗaga ido ba. Na san tun daga arewa yake ɗauke da wannan magana, kuma na san abin da ya ci masa kafin ya furta ta.

Ku duba, amsar tana nan a ajiye, shi da kansa ya koya mini ita shekaru da yawa da suka wuce. Ba ma sai na yi ƙarya ba. In karɓa, in kai ɗaki, in dawo in zuba masa shayi in tambaye shi damina. Bayan kwana biyu in gyara abata a ɓoye, in aika wa Aisa a Maradi in ce ta farfaɗo. Amma ina ganin rigar nan, na juya ta na ga ba ko huda ɗaya a ƙasa, sai ciwon ya bayyana mini sarai, hannuna ya fara ƙaiƙayi. Murna ce ta kama ni, ku yarda da ni, murnar cewa abin ba komai ba ne, zan sauke wa abokina kaya yanzun nan. Na yi dariya na ƙwala wa Rabi kira ta miƙo mini gwangwanina. Ta kawo, ta tsaya, ta ce a hankali:

"Malam, shayinka na ƙuna. Bar wannan sai gobe."

Ban saurare ta ba. Na tuɓe rigar, na kwance bayan na'urar, ga 'yar fankar nan a cushe. Na sa hantsaki na zaro wani dunƙulen gashin akuya da zaren bargo, ya kai girman ɗan yatsa, ya toshe hanyar iska gaba ɗaya. Na share da buroshi, na hura, na maida, na danna. Ta kunnu. Fankar ta ɗauka shiru kamar sabuwa, ga rubutun Aisa nan a fuska, ba abin da ya taɓa shi. Duk aikin bai kai dahuwar shayin farko ba. Na ɗaga dunƙulen a tafin hannuna na kai masa gaban ido.

"Ka gani? Wanga ne kawai! Ba ta mutu ba, numhwashi ne kunka toshe mata da rigar ga. Da kun kawo ta tun ran hwarko, da Aisa ta gama tuni."

Sai da maganar ta fita na ji ta da kunnena. Hammadi ya daɗe yana kallon gashin. Gashin ɗan akuyansa ne, ɗinkin hannunsa ne, dokarsa ce, kuma shekarar ɗiyarsa ce guda a tafin hannuna. Da ya kawo mini ita a matsayin wadda kwananta ya ƙare, abin na Allah ne, yana iya ɗauka. Ni kuwa na kwance na nuna masa cewa shi ne. Ya miƙe a hankali ya gyara rawaninsa.

"Likita," ya ce, "ran da Woɗe ta mutu, mahaucin da ya heɗe ta ya riga ka isowa rugga. Na san abin da anka iske cikin tumbinta."

Ya rataya jakarsa, ya ƙara da cewa:

"Ni ban buɗe cikinta gabanka ba."

Ya yi wa Rabi sai an jima, ya fita. Shayin ya ƙone a kan gawayi.

Ba mu yi faɗa ba, ku cire wannan daga ranku. Na bi shi rugga, ya yanka mini kaza, ya shimfiɗa mini tabarmar baƙi, ya tambayi lafiyarku ɗaya bayan ɗaya. Na fara ba shi haƙuri, ya ce ba komi, Likita, ai gaskiya ka hwaɗa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. In mun haɗu a kasuwa mukan gaisa hannu biyu, gorar nono ba ta fasa zuwa ba, amma bai sake zama ƙarƙashin bedin nan ba har Allah ya karɓi abinsa. Na aika wa Aisa na'urar, ta gama da ita shekara ta gaba, ta dawo mini da ita da kanta cikin rigar fatar, wadda ta huda wa ramuka a ƙasa. Yanzu tana koyarwa a Maradi, kuma ba ta taɓa fasa kirana da Salla ba. Rigar tana cikin akwatina, kada wanda ya jefar da ita in na mutu.

Har yanzu mutane na kawo mini na'urorinsu, ina gyarawa, ina wa'azi, hali ba ya barin mai shi. Na ƙara abu ɗaya a wa'azin, a bar mata iska, kada a ɗora ta kan katifa ko bargo. Amma duk ranar kasuwa da la'asar, in na ji sallama a ƙofa, sai na ɗaga kai kafin in tuna. Ina kewarsa, kuma ina nadamar wannan la'asar fiye da yadda zan iya rubutawa.

Ga abin da nake so ku yi mini. Cikin jikokin Rane akwai wata farar karsana mai baƙin kunne, na riga na nuna wa mai kiwo. Babban ɗan Hammadi, Buba, fari ya cinye masa garke, yana nan wajen Birnin Lalle da 'yan awaki. In ƙafata ta ƙi kai ni, Sani ya ja ta ya kai masa, ya ɗaure ta a turkensa. Kada ya ce daga baya za a zo dubawa, kada ya faɗi abin da take ci. Ya ce sunanta Ɓale, ya nemi wuri ya zauna.